Tambaya da Amsa: Renon tsirrai masu cin ƙwari a cikin kwalba

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka taɓo zancen tsirran nan masu kama ƙwari su cinye, saƙonni basu daina shigowa ba, kuma yawanci akan abu ɗaya ne, wato yadda ake yaɗa su a ɗakin gwaji ta hanyar da ake kira tishu kalca, ni dai nafi son ince renon tsiro a kwalba. Na zaɓo guda shida, wasu na gajarta su saboda fili.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin ilimin tsirrai, naji ance wai da ɗan guntun ganye ana iya samar da tsiro ɗaruruwa a lab. Don Allah ya abin yake, kuma tunda tsirran suna da iri meye amfanin wannan wahalar?

Amsa: Yauwa ƙanena, gaskiya ne ba wai ba. Sirrin shine ƙwayar halittar tsiro guda ɗaya tana ɗauke da duk bayanin da ake buƙata a gina tsiro sukutum, da saiwa da ganye da fure, in dai ta samu abincin da ya dace da wurin da babu abin da zai cutar da ita. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, shi ya fara kawo wannan tunanin a 1902, ya gwada amma ƙwayoyin nasa basu yarda sun rabu sun yaɗu ba, sai bayan shekaru da dama wasu suka ci nasara. Yanzu abin da akeyi shine a yanko ɗan ganye ko karan fure ko a ɗauki iri, a kashe duk wata ƙwayar cuta dake jikinsa, a ɗora shi kan wani abinci mai daskarewa kamar jeli a cikin kwalba a rufe, a ajiye ƙarƙashin fitila wajen awa 16 a rana a ɗaki mai zafin digiri 22 zuwa 25. Bayan wasu makonni zakaga ƴan tofo sun fito cunkus, sai a raba su a zuba a sababbin kwalabe. Ka ɗauka a misali kowane tofo yana baka biyar duk bayan sati shida, to ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama 25, ta zama 125, ta zama 625 cikin sati 24, wannan lissafin takarda ne fa, a zahiri wasu kwalaben suna lalacewa, amma kaga inda abin ya dosa.

Maganar me yasa ba za'a tsaya ga iri ba kuwa, nan ne abin ya taɓa min zuciya. Ɗauki Dionaea, wanda ake kira tarkon ƙuda. A duk duniya inda yake fitowa da kansa shine wasu fadamu a jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, a kewayen garin Wilmington, shikenan. In ka shuka irinsa sai ya kwashe shekara uku zuwa biyar kafin ya girma, mutane kuma suna son saye, sai masu neman kuɗi suka dinga shiga fadamun suna tumɓuke shi, har takai a Disamba 2014 Karolina ta Arewa ta mayar da satarsa babban laifi da zai iya kai mutum gidan yari. Haka Nepenthes rajah, mai tarko kamar tulu da zai iya ɗaukar ruwa sama da lita uku, a dutsen Kinabalu da na Tambuyukon dake Sabah a tsibirin Borniyo kawai ake samunsa, yana cikin rukuni na ɗaya a yarjejeniyar CITES, wato an hana cinikin wanda aka ciro daga daji tsakanin ƙasashe. Su Nepenthes kuma da namiji da mace daban suke, sai sunyi fure lokaci guda kafin a samu iri, irin ma baya daɗewa yake mutuwa. To in ana iya cika kasuwa da na kwalba, mai saye ya samu lafiyayye cikin sauƙi, wanda zai hau dutse ya sato ya rasa riba. Wannan ne babban dalilin da yasa nake ganin aikin ya cancanci wahalar.

Tambaya: Malam abin da ya ɗaure min kai, tunda ƙwari suke ci, in an rufe su a kwalba wa zai basu ƙwarin? Ko ana jefa musu ƙuda ne a ciki?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ko kusa, ƙuda ɗaya in ya shiga kwalbar nan ta gama lalacewa. Kinga su tsirran nan ba wai ƙwari ne abincinsu kamar yadda muke cin abinci ba, ƙarfinsu daga hasken rana suke samu kamar kowane tsiro mai koren ganye. Ƙwarin taki ne a wurinsu. Suna rayuwa ne a ƙasa mai tsami wadda ruwa ya wanke, babu naitirojin babu fosfaras sai ɗan abin da ba'a rasa ba, sai suka koma samo su daga jikin ƙwari. A kwalba kuwa an riga an narka waɗannan sinadaran cikin abincin, saiwa da jikin ganye su zuƙa kai tsaye.

Abincin da aka fi amfani dashi ana ce masa MS, daga sunan Toshio Murashige da malaminsa Folke Skoog, sun fitar dashi a 1962 a jami'ar Wisconsin. Amma ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami, su da taba sukayi gwajinsu, taba kuwa shuka ce mai son taki sosai. In kika ɗauki cikakken awon MS, wajen giram 4.4 na garin a lita guda, kika ba tsiron da ya saba da ƙasar da babu komai, gishirin zai masa yawa, zai tsuke ko yayi baƙi ya mutu. Shi yasa masu renon waɗannan tsirran suke rage shi zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, wato giram 2.2 ko wajen 1.5 a lita. Sai a ƙara sukari giram 20 zuwa 30 a lita, saboda a rufaffiyar kwalba iska bata wadata kuma hasken fitila bai kai na rana ba, tsiron bazai iya haɗa isasshen abincinsa da kansa ba. Sai a daidaita tsamin ruwan, pH ɗinsa ya tsaya wajen 5.6 zuwa 5.8, a zuba aga giram 6 zuwa 8, wani gari ne da ake samu daga ciyawar teku, shi ke sa abin ya daskare. In tsamin yayi yawa agan bazai kama da kyau ba, zai tsaya ruwa-ruwa.

Bari in baki wani labari da ya nuna cewa cin ƙwarin nan don taki ne. Akwai wani tsiro mai yaɗo a dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, sunansa Triphyophyllum peltatum, shi ba kullum yake cin ƙwari ba, wani lokaci ne kawai yake fito da ganye masu ɗigon danƙo da suke kama ƙwari, kuma an daɗe ana neman abin da ke sa shi hakan. Masu bincike a jami'o'in Hanoba da Wurzburg a Jamus suka rene shi a kwalba, suka dinga cire sinadari ɗaya bayan ɗaya daga abincinsa, a 2023 suka wallafa cewa rashin fosfaras ne ke sa shi fito da ganyen tarkon. In ya ƙoshi baya damuwa da ƙwari. Kinga da ba don kwalba ba, inda mutum ke da iko akan kowane sinadari, da wuya a gano wannan.

Tambaya: Malam ni na gwada a gida, na haɗa komai yadda na karanta, na sa ganyen Drosera, tsiron nan mai kama ƙwari da danƙon ganyensa, a kwalba goma, kwana huɗu kacal duk sukayi fumfuna, wasu fari kamar auduga wasu kuma wani yauƙi ya zagaye ganyen. Raina ya ɓaci sosai, ina nayi kuskure?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, kar ka karaya, kusan duk wanda ya fara wannan aikin ta nan ya bi. Abin da zaka sa a ranka shine abincin nan mai sukari da danshi ya fi yiwa fumfuna da bakteriya daɗi akan tsiron, su cikin kwana biyu sun mamaye, shi kuma sai yayi sati uku bai motsa ba. Don haka rabin aikin, kai fiye da rabi ma, tsafta ce.

Ka fara da duba inda ɓarnar ta taso, domin ita zata faɗa maka mai laifin. In farar audugar nan ta fito a wani gefe nesa da ganyen, to daga iska ta faɗo lokacin da kwalbar take buɗe, ko daga hannunka ko numfashinka. In yauƙin ya fito daga ƙarƙashin ganyen yana zagaye shi, bakteriya ce da ta taho a jikin ganyen, wankinka bai kashe ta ba. In kuwa ko'ina a cikin abincin ɗigo-ɗigo ne har can ƙasa, to dafuwar ce bata yi ba. Shi yasa nake ba kowa shawara, in ka dafa kwalabe ka barsu kwana biyar zuwa sati ba tare da ka sa komai ba, wadda ta tsaya fes ita zakayi aiki da ita, kuma ranar shuka ka ware guda ɗaya ka buɗe ta ka rufe kamar sauran amma kar ka sa ganye, in ta lalace kasan matsalar iska ce.

Dafuwa kuma ba tafasawa ake nufi ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, akwai ƙwayoyin bakteriya da suke ƙunshe kansu su tsallake wannan zafin lafiya lau. Sai an kai digiri 121 ƙarƙashin matsin tururi na minti 15 zuwa 20, a lab da otokilef akeyi, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a gida tukunyar furesha mai kaiwa wannan matsin tana yi, ka fara ƙirga mintin daga lokacin da matsin ya cika ba daga lokacin da ka ɗora ba. Da ruwan ɗauraya da hantsaki da aska da takardar da zaka yi yanka a kai duk su shiga tukunyar. Murfin kwalba kar ka ɗaure shi tam lokacin dafuwa.

Sai wankin ganyen. Yadda aka saba shine a tsoma shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na wajen sakan 30, sannan a bilic na gida da aka sirka, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, da ɗigon sabulun ruwa guda don ya ratsa ko'ina, minti 10 ko ɗan sama da haka kana girgizawa, sai ɗauraya sau uku da dafaffen ruwan nan. Amma fa kai da Drosera ka fara kuma da ganye, wannan ya ƙara maka wahala, domin ganyensa cike yake da gashi da danƙo da guntayen ƙwarin da ya kama, ga shi laushi gareshi, in ka daɗe a bilic ya mutu in ka gaggauta cuta ta tsira. Da zaka ji tawa ka fara da iri, ɓawonsa yana jure bilic kuma cikinsa yawanci tsaf yake. Irin Drosera capensis, ɗan yankin Kef na Afirka ta Kudu, yana tsirowa ba gardama, shi ya fi dacewa da mai koyo, sai dai ƙanana ne kamar ƙura, ka ƙunshe su a ƴar takardar tacewa ka tsoma ƙunshin gaba ɗaya. In ka ƙware sai ka koma kan karan fure tun yana ɗanye bai buɗe ba, yafi ganye tsafta tunda baya taɓa ƙasa. Su Nepenthes ma manyan masu renonsu da iri suke farawa, saboda babban tsiron yana da ƙwayoyin cuta a can cikin jikinsa inda bilic baya kaiwa.

Wurin aiki kuma, a lab akwai tebur mai hura tataccen iska ta matatar HEPA. Wanda bashi da shi sai ya samu babban akwatin roba mai haske, ya kifa shi, ya huda ƙofa biyu na shigar hannu, ya goge ciki da sifirit, ya kashe fanka ya rufe taga ya jira ƙura ta lafa. Kayi aiki a nitse, kar hannunka ya gifta ta saman buɗaɗɗiyar kwalba, kar kayi magana. Kuma don Allah kar ka kunna wuta a cikin akwatin da ka fesa sifirit, tururinsa yana kamawa nan take, mutane sun ƙone ta haka. Kwalaben nan goma da suka lalace kuma kar ka buɗe su a ɗakin aikin, ka sake dafa su a tukunyar tukuna sannan ka zubar.

Tambaya: Shin tsiron kwalba ba irin wanda aka sauya wa halitta bane, wato GMO?

Amsa: A'a Hajiya. Babu wani abu da aka ɗauko daga wata halitta aka cusa masa, kwafin uwarsa ne kawai, kamar yadda ake yanko reshe a dasa. Ta haka ne ma aka yaɗa wani jan tarkon ƙuda mai suna Akai Ryu da aka samar a lambun tsirrai na Atlanta, duk wanda kika gani a ko'ina kwafin wancan na farkon ne. Illar da ke ciki ita ce dubu ɗaya da suka fito daga uwa ɗaya rauninsu ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya zata iya kama duka, shi yasa masu aikin ceto nau'in da ke ƙarewa suke farawa da iri masu yawa, kowane iri da layinsa daban.

Tambaya: Malam nawa sun tsiro alhamdulillahi, amma na ƙara musu homon don suyi saurin yawa, yanzu sun zama wani dunƙule, ganyen ya kumbura yana sheƙi kamar gilas, babu saiwa ko ɗaya.

Amsa: Toh malam, homon ɗin ne yayi yawa, wato sinadarin da ke sarrafa yadda tsiro yake girma. Iri biyu ne ake wasa dasu, saitokainin irin su BAP da kainetin masu sa tofo, da oksin irin su NAA da IBA masu sa saiwa, tun 1957 Skoog da Carlos Miller suka nuna cewa rinjayen ɗaya akan ɗaya ne yake yanke abin da zai fito. Saitokainin in yayi yawa yana hana saiwa, kuma yana cikin abubuwan da suke kawo wannan kumburin mai kama da gilas, tare da yawan laima a kwalba da aga mai ruwa-ruwa. Ganyen ya sha ruwa ne fiye da kima, irinsa in ka fito dashi baya rayuwa. Ka zaɓi tofon da suka fi kama da lafiyayyu ka mayar dasu abincin da babu homon sam, ka ɗan ƙara aga, in da hali ka samu murfi mai ƴar matatar iska, zagaye ɗaya ko biyu zakaga sababbin ganye sun dawo daidai. Gaskiya ma Drosera da tarkon ƙuda suna yaɗuwa kuma suyi saiwa ba tare da homon ba, in za'a sa to kaɗan ne, ƙasa da miligiram ɗaya a lita ya isa a fara dashi. In kuma kaga abincin yana yin duhu a kewayen inda ka yanka, wasu sinadarai ne tsiron ke fitarwa daga ciwon, ka matsar dashi sabuwar kwalba da wuri, wasu suna zuba ɗan garin gawayi na lab a abincin don ya tsotse su.

Tambaya: Malam na sayi tarkon ƙuda a kwalbarsa, kyakkyawa dashi, na fito dashi na dasa a tukunya da ƙasa mai taki na ajiye a rana, kwana biyu ya yanƙwane ya mutu. Saura kwalba ɗaya, ina tsoron taɓa ta.

Amsa: Allah sarki 'yar'uwa, naji zafin wannan, domin a wannan matakin ne ake asarar tsiron da aka sha wahalar watanni akansa. Abu uku ne suka haɗu suka kashe shi. Na farko tsiron da ya tashi a kwalba bai taɓa sanin busasshiyar iska ba, laimar ciki kusan ɗari bisa ɗari ce, don haka fatar ganyensa siririya ce babu kakin da ke tare ruwa, ƙananan ƙofofin numfashin ganyen ma basu iya rufewa da kyau ba, kina fito dashi ruwan jikinsa ya tsere cikin ƴan awoyi. Na biyu rana, ga tsiron da ya saba da fitila. Na uku takin, wanda ko babban tarkon ƙuda mai ƙarfi zai ƙona masa saiwa.

Ga yadda zakiyi da ta biyun. Ki fara sassauta murfin kaɗan na kwana biyu zuwa uku, kar ki wuce haka don fumfuna zata shiga. Sai ki zaro shi a hankali da hantsaki ki wanke agan tas a ruwa mai ɗumi kaɗan, ko ɗigo kar ya rage a saiwar, sukarin dake ciki shi zai jawo ruɓa. In dunƙule ne ki raba su da yatsa, wanda yaƙi rabuwa ki barshi. Ƙasar dasawa ita ce ruɓaɓɓiyar gansakukar fadama da ake kira fit, wadda ba'a sa mata taki ba, a haɗa da falayit, wato wani farin tsakuwa mara nauyi, ko wankakken yashin silika rabi da rabi, ko kuma gansakukar sfagnom zalla. Ruwa kuma na sama ko distil kawai, wato ruwan da aka samo daga tururi, wanda gishirin cikinsa bai wuce 50 ba a na'urar awon TDS, ruwan famfo da na rijiya yawanci sun wuce haka kuma gishirin taruwa yake a tukunya a hankali har ya kashe shi.

Bayan dasawa ki rufe tukunyar da leda mai haske ko kofin roba, ki ajiye inda akwai haske sosai amma rana bata dukansa kai tsaye, in rana ta bugi rufaffiyar leda dafa shi zatayi. Sati na farko a rufe, sai ki fara huda ƙofa ɗaya, bayan kwana biyu ki ƙara wata, a haka a haka har sati uku zuwa huɗu ki cire gaba ɗaya, in kinga ya fara yaushi ki mayar da rufin ki ƙara masa kwanaki. Tsofaffin ganyen kwalba wasu zasuyi baƙi su mutu, kar hankalinki ya tashi, ki dinga kallon tsakiya, in sabon ganye yana fitowa to ya kama, kuma shi sabon ganyen shine mai jure iska. Daga nan ne zaki fara saba masa da rana, awa ɗaya da safe, ana ƙarawa duk bayan ƴan kwanaki. Kar ki bashi ƙwaro kuma kar ki bari yara su dinga tsokanar tarkon don su ga ya rufe, kowane tarko sau ƙalilan yake rufewa kafin ya daina aiki, ki bari sai ya fito da sababbin tarkuna uku ko huɗu a tukunyar sannan ki sa masa ƙaramin ƙwaro wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na girman tarkon ba.